Amsar Tambayar Yaya kan Jan Naman Nan

Yaya, Allah ya ƙara girma. Ka tambaya ko jan naman da ka gani a farantin yara na alade ne. Ka kwantar da hankalinka: naman sa ne, yankan Musulmi, daga mahautan Turkawa da muke ciniki da su nan Hambog ta ƙasar Jamus. Kamannin ne suka tsorata ka, kuma ba laifinka ba ne, don dabarar a wajen masu alade muka gano ta.

Bajamushe da dare bai cika ɗora tukunya ba. Burodi ne da cuku da siraran yanka na nama mai sanyi, irinsa kuma ake zuba wa yara su tafi makaranta. Mafi yawansa cinyar alade ce ko tsokar bayansa, an jiƙa da gishiri an kyafe. Yaranmu suna gani wajen abokai, su dawo gida da ƙorafi. Kilishi kuwa ba ya shigowa, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi daga Najeriya ko Nijar ko Gana shigo da nama a jaka, a filin jirgi ake karɓe shi. Ko mutum ya ce zai yi da kansa, ina ranar shanya a garin da almuru ke yi wajen ƙarfe 4 a watan Disamba?

Mai kilishi yana fere nama kamar takarda don rana ta ratsa shi kafin ya ɓaci, sannan a tsoma a labu a gasa. Mu dunƙulen tsoka muke ɗauka, kilo 1 ko 2, daga cinya ko baya, a cire kitse da jijiya. Gishirin da ake shafa masa na musamman ne, mai ɗan sinadarin naitirait kimanin kashi 0.5 cikin 100. Shi ke bar wa naman launin ja, shi ke kuma hana ƙwayar cutar nan mai guba da ke tsira inda babu iska. Ba a kintace a nan, sai sikeli: giram 30 zuwa 35 ga kowane kilo, da ɗan sukari. Bajamushe zai ƙara 'ya'yan itacen daji da ganyen kamshi, mu kuwa masoro ne da citta da kanumfari da tafarnuwa, wani har kimba. A ɗaure a leda a zuƙe iskar, a sa a firji mako 2 zuwa 3 ana juyawa. In an ciro za ka taɓa ka ji ya yi tauri, ya koma ja mai duhu.

Daga nan a rataye ya tsane, sai hayaƙi. Ba irin bandar kifi ba ce da wuta ke lasar nama. Dusar katakon da suke kira Buche ake cunna wa wuta a wani ɗan kwando, ta yi ta ci a hankali kusan dare guda babu harshe, zafin akwatin da ake kyafewa a ciki bai wuce digiri 25 ba. A huta kwana ɗaya, a sake, sau uku ko huɗu. Rashin son zafin nan ne ya sa aikin na lokacin sanyi ne. Akwatin namu ne, karo-karo muka yi muka saya muka ajiye a lambun ɗan'uwa, don ba ma rataye namanmu inda maiƙon alade ya ɗiga, komai kirkin maƙwabci.

Ba kowa cikinmu ya yarda da shi ba. Dattawan zango 'yan Kumasi da Akara suna cewa naman da bai ga wuta ba ɗanye ne, ko Turkawa da 'yan Bosniya sun shekara aru-aru suna cin irinsa. Matanmu da yawa sun fi son ƙirjin talotalo, su kyafe shi da zafi har cikinsa ya kai digiri 74. Ni dai na naman sa ya fi mini, in an yanka shi siriri har ana hango wuƙa.

Batun gwadawa a Kano, Yaya, ban ba ka shawara ba, sai in firjinka ba ya ɗaukewa ko na yini ɗaya tsawon makonnin nan. A gaida Hajiya da yara.