Filin Tambaya da Amsa: Magungunan Ciwon Damuwa Masu Ƙara Sirotonin

Tambaya: Likita ya ɗora mahaifiyata a kan sertraline saboda ciwon damuwa. Yau kwana goma babu sauƙi, sai tashin zuciya da rashin barci. Ta ce ba za ta ƙara sha ba. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya ba Mama lafiya. Ki lallaɓa ta kada ta daina. Sertraline da danginsa, wato fluoxetine da paroxetine da citalopram da escitalopram, suna hana jijiyoyin ƙwaƙwalwa sake tsotse sinadarin sirotonin, sai ya daɗe yana aiki. Wahalarsu ce kan riga amfaninsu zuwa. Tashin zuciya da ciwon kai da gudawa kan zo a farko, su lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu, sauƙin kuwa sai bayan mako 2 zuwa 4, wani ma sai mako 6. Ta riƙa sha da safe bayan ta ci abinci, a lokaci guda kullum. Idan ta manta har lokacin na gaba ya kusa, ta bar wanda ya wuce, kada ta haɗa biyu.

Tunda babba ce, ki sa ido kan abu guda: waɗannan magunguna na iya rage gishirin sodiyam a jinin tsofaffi, musamman mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari. In kika ga ta rikice, ko kasala ta yi mata yawa, ko tana tangaɗi, a kai ta a gwada jini ranar nan, kada a ce tsufa ne.

Tambaya: Ni ɗalibin aikin jinya ne. Ana yawan gargaɗinmu kan gubar sirotonin, wato illar da ke faruwa idan sirotonin ya yi yawa a jiki. Ta yaya zan gane ta a jikin majinyaci? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Malam, ka taɓo inda ya fi damunmu. Da wuya ƙwaya ɗaya da aka sha bisa ƙa'ida ta jawo wannan. Yawanci haɗe-haɗe ne: majinyaci na shan fluoxetine, sai aka ƙara masa tramadol ko pethidine don ciwo, ko linezolid na kashe ƙwayoyin cuta, ko lithium na daidaita yanayin rai, ko maganin tari mai ɗauke da dextromethorphan. Shi ya sa tambayar "wane magani kake sha?" ba ta wadatar ba. Ka ce a kawo maka duk abin da yake sha ka gani da idonka, har wanda ya saya da kansa da na ganyayyaki, domin mutane da yawa ba sa lissafa maganin tari a cikin magunguna.

Alamomin kan bayyana da sauri, galibi cikin awa 24 da ƙara magani ko ƙara yawansa. Majinyaci zai kasa zama wuri ɗaya, gumi na keto masa, jiki na karkarwa, zuciya na bugawa da sauri, baƙin idonsa ya faɗaɗa, ga gudawa. Abin da zai tabbatar maka yana ƙafa. Ka riƙe tafin ƙafarsa ka lanƙwasa shi sama farat ɗaya, ka ci gaba da riƙewa. Idan ƙafar ta yi ta harbawa da kanta, ga kuma zafin jiki ya haura digiri 38, kada ka jira komai. Dakatar da maganin, kira likita, ka riƙa auna zafin jiki da bugun zuciya da hawan jini akai-akai. Za a yi ƙarin ruwa, a ba da diazepam don tsoka ta saki, wani lokaci da cyproheptadine.

Kurakurai biyu ake yawan yi a nan. Na farko, dogaro da paracetamol: zafin daga aikin tsoka yake fitowa, don haka ba zai sauke shi ba, sai an sanyaya jikin an kwantar da tsokar. Na biyu, ɗaure majinyaci a gado. Yana fizge-fizge, zafi na ƙaruwa, tsoka na lalacewa, daga nan ƙoda ta taɓu.

Ka kuma riƙe lissafin canjin magani. Tsakanin magungunan nan masu ƙara sirotonin da rukunin MAOI, wani tsohon rukunin magungunan ciwon damuwa irin su phenelzine, sai an ba da tazarar kwana 14; idan fluoxetine aka bari za a koma MAOI, mako 5 ne, saboda yana daɗewa a jiki. Ibuprofen da aspirin da warfarin kuma, idan aka haɗa su da waɗannan magunguna, wata matsalar daban suke kawowa, ta zubar jini a ciki, don haka ka riƙa tambaya ko bayan gida ya yi baƙi.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara 19 ya samu sauƙi bayan wata biyu yana shan paroxetine. Zai iya ajiyewa? Daga wani uba.

Amsa: A'a, ranka ya daɗe, da sauran lokaci. Ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi, in ba haka ba ciwon kan dawo. Paroxetine kuma yana cikin waɗanda suka fi wahalar bari, domin yana saurin fita daga jiki: yanke shi dare ɗaya kan kawo jiri, munanan mafarkai, saurin fushi, da jin kamar wutar lantarki na fizgar kai. Likita ne zai riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni.

Shekarunsa ma abin dubawa ne. Tun 2007 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta faɗaɗa gargaɗinta zuwa duk wanda bai kai shekara 25 ba, cewa tunanin kashe kai na iya ƙaruwa a farkon sha ko lokacin da aka canza yawan magani. Ka tambaye shi kai tsaye, cikin taushin murya; tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Idan ya amsa da e, ko ka ga ya daina barci, yana ta surutu da rawar kai fiye da yadda ka san shi, ka karɓe maganin ka riƙa ba shi da hannunka, kada a bar shi shi kaɗai, ku ga likita a ranar.