Me ya sa lambobin takardar filina ba sa daidaita da na waya?

Tambaya: Malam, na shigar da lambobin da ke kan takardar safiyo ta filina cikin manhajar taswira, sai alamar ta faɗa gonar maƙwabcina. Wayar ce ta lalace ko mai awon ne ya cuce ni?

Amsa: Ranka ya daɗe, kwantar da hankalinka, mai yiwuwa babu wanda ya cuce ka. Duniya ba dunƙulalliya ba ce sak, don haka kowace ƙasa a da takan zaɓi siffar da ta fi dacewa da yankinta, ta kafa wuri guda ta riƙa awo daga nan. Wannan tushen awo shi masana ke kira datum.

Sojoji sun ɗanɗana kuɗar wannan bambancin tushen awo. A Yaƙin Duniya na Biyu, taswirorin ƙasashen Turai ba sa haɗuwa a kan iyaka, kuma mai harba igwa daga nesa kuskuren mita 100 ba ƙaramin abu ba ne a gare shi. A 1945 tawagar Manjo Floyd Hough ta sojan Amurka ta kwaso tarin bayanan awon Jamusawa a garin Saalfeld. Da taimakon waɗannan bayanai aka ɗinke Yammacin Turai kan tushe guda, ED50. A shekarun nan ne kuma sojan Amurka suka rungumi UTM, tsarin da ya yanka duniya shiyya 60, kowace mai faɗin digiri 6. Tarayyar Sobiyet ta tsaya kan nata tushen, Pulkovo 1942. Da zamanin makamai masu linzami da tauraron ɗan'adam ya zo, sai aka buƙaci tushe ɗaya na duniya baki ɗaya: aka fara da WGS 60, aka yi ta gyara har zuwa WGS 84, wanda GPS ɗin wayarka ke aiki da shi.

Takardun safiyo da yawa a Najeriya kuwa kan tushen Minna aka yi su, tun awon zamanin Turawa. Tazarar da ke tsakaninsa da WGS 84 takan kai kusan mita 80, wadda ta isa ta jefa ka gonar wani.

Duba gefen takardar, galibi ana rubuta tushen da shiyyar. Misali, Kano tana shiyya ta 32 a UTM. Nemi manhajar da ke ba ka damar zaɓar Minna kafin ka shigar da lambobin. Amma ina roƙonka, kada ka tsige turke ko ka tayar da rigima kan abin da waya ta nuna, domin ita kanta takan kauce da mita kaɗan. Kira safiyo mai rajista ya nemo maka duwatsun iyakar.