Ruwan lagireto na raguwa amma ba na ganin yoyo: ina yake tafiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Motata ta haura shekara 10, kuma wata guda ke nan duk bayan kwana biyu ko uku sai na ƙara mata ruwa kusan lita ɗaya. Na leƙa ƙarƙashinta ban ga ko ɗigo ba, allurar zafi ma ba ta taɓa wuce tsakiya ba. Bakaniken da ke duba mini ita ya ce tsohuwar mota dama haka take shan ruwa, in dai riƙa ƙarawa, idan kuma ta fara zafi zai cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji. Hankalina bai kwanta ba, ga shi ina da doguwar tafiya da iyali. Me ya kamata in yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, gara da hankalinka bai kwanta ba. Ka ɗage tafiyar nan har sai an gano inda ruwan yake bi.

Maganar nan ta "mota na shan ruwa" ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai na ji ta, kuma daga bakin masu riƙe da sifana. Mota ba ta shan ruwa, tsohuwa ce ko sabuwa. Fetur take ƙonawa, tsohon inji kuma yakan rage baƙin mai, amma hanyar ruwa a rufe take ruf: daga inji zuwa lagireto, daga lagireto ya dawo inji. Lafiyayyar mota sai ta yi watanni ruwan da ke robar ajiyar ruwanta bai sauka daga layinsa ba. Wanda duk ya ce maka lita ɗaya a kwana uku halin tsufa ne, ko dai bai san aikin ba, ko kuma yana ƙyashin neman matsalar.

Lissafa da kanka. Yawancin ƙananan motoci ruwan da suke ɗauka gaba ɗaya bai wuce lita 5 zuwa 8 ba. A yadda kake ƙarawa, cikin wannan watan ka riga ka wanke kulan ɗin da ke ciki, wato ruwan nan mai launi na sanyaya inji, saura kusan tsurar ruwa. Shi kulan ba don launi aka zuba shi ba. Akwai sinadaran da ke hana tsatsa da cinyewar alminiyam a cikinsa, kuma haɗin rabi kulan rabi ruwa ba ya tafasa sai wajen digiri 107, alhali tsurar ruwa a digiri 100 yake tafasa. Murfin lagireto kuma yana riƙe matsi, shi ne lambar 0.9 ko 1.1 da kake gani a kansa, wannan matsin ke kai tafasar sama da digiri 120. Inji kuwa a digiri 90 zuwa 105 yake aikinsa na yau da kullum. To ka ga, hujin da ke zubar maka da ruwa shi ne kuma yake sace matsin, kai kuma kana tsinka kulan da ruwan famfo. Tazarar da ke tsakaninka da tafasa kullum raguwa take. Ruwan famfo da na rijiya kuma suna barin farin dauɗa mai tauri a siraran bututun lagireto, tsatsa ta ci fukafukan famfon ruwa, ƙaramin huji ya haifi wasu.

Allurar zafin da kake dogara da ita ma tana iya yaudararka. Sensa zafin ruwan da yake nutse a ciki yake aunawa. Ranar da ruwan ya sauka ƙasa da shi, iska da tururi kawai yake taɓawa, sai allura ta tsaya a wurinta ko ma ta sauka, kan inji kuwa yana can yana gasuwa. Masu kawo mana injin da kansa ya lanƙwashe, da yawansu rantsuwa suke yi cewa allura ba ta motsa ba, kuma gaskiya suke faɗa. Mutum ya yi wata da watanni yana ɗura ruwa da jarka a but, yana ganin dabara ce, ranar da ya hau babbar hanya da kaya da zafin rana sai injin ya buga. Aikin da tiyo ɗaya da kilif zai magance ya koma sauke inji.

Cire tamostat kuwa, kada ka yarda. Ba ya toshe huji ko ɗaya. Sai dai ya sa inji ya daɗe bai kai zafinsa ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara fetur, inji ya yi ta cin kansa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Idan tamostat ya maƙale, sabo ake sawa.

Yanzu ga dalilin da ba ka ganin ɗigo. Ƙaramin yoyo sau da yawa ba ya buɗewa sai inji ya yi zafi matsi ya tashi, ruwan kuma ya faɗa kan ƙarfe mai zafi ya ƙone kafin ya kai ƙasa. Amma yana barin sawu. Da safe, inji a sanyaye, ka buɗe bonet da tocila ka nemi busasshen ɓawo fari, kore ko ruwan hoda: a bakin kowane tiyo inda kilif ya kama, a layin da robar lagireto ta haɗu da alminiyam, a gidan tamostat, a jikin robar ajiyar ruwa, da ƙarƙashin famfon ruwa inda yake da wani ɗan huji da ke tsiyaya idan sil ɗinsa ya mutu. Matsa tiyon da hannu, wanda ya kumbura ko ya yi laushi tiɓis ya gama aiki. Juya murfin lagireto ka duba robarsa, idan ta tsage ko ta taurare, shi kaɗai ya isa ya riƙa fitar da ruwa. Sannan ka shiga ciki ka taɓa kafet a wajen ƙafar mai zaman gaba. Idan da laima mai santsi, ga wari mai zaƙi-zaƙi, ga gilashi na yin hazo daga ciki, ƙaramin lagireton hita ne da ke bayan dashbod. Farin ruwa mara wari da ke ɗiga bayan ka kunna na'urar sanyaya cikin mota, wannan ba komai ba ne.

Abin da ya fi komai shi ne gwajin matsi. Ana ɗaura ɗan famfon hannu a bakin lagireto inji na kashe kuma a sanyaye, a buga har lambar da ke kan murfi, a jira kamar minti 15. Idan allurarsa ta sauka akwai yoyo, galibi ma a gabanka zai tsarto. Garejin da ba shi da wannan famfon, ka nemi wani.

Idan matsi na sauka amma waje a bushe, ruwan ciki yake shiga, kuma gaskit ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke tsakanin inji da kansa, ake fara zargi. Alamunsa: farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, karkarwa a tashin farko da safe, kumfa na ta tasowa a robar ruwa, babban tiyo ya yi tauri minti kaɗan bayan tayarwa, filogi ɗaya ya fita fes ya bambanta da 'yan'uwansa, ko baƙin mai ya koma fari-fari mai kauri. Akwai wani shuɗin ruwan gwaji da ake ɗorawa a bakin lagireto, ya koma rawaya idan hayaƙin inji na shiga ruwa. Kada a kwance maka kan inji kafin a yi wannan.

Gyaran bai da wani sirri: abin da ya lalace a canja shi. Tiyo da kilif sabbi, murfi mai lamba irin ta tsohon. Robar lagireto da ta tsage gam ba ya riƙe ta. Idan bel ɗin taimin ke juya famfon ruwanka, a canja su tare. Idan gaskit ne, a auna kan injin a tabbatar bai lanƙwashe ba, in ba haka ba sabon ma zai ƙone. Garin toshe yoyo da ake zubawa a lagireto ba na son sa, don bai san hujin da kake so ya toshe ba. Bayan gyara a wanke hanyar, a zuba irin kulan da littafin motarka ya faɗa, launi kaɗai ba ya nuna iri. Idan mai kauri ne a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa zalla irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ɗinsa ba, a fitar da iska tare da kunna hita, ka sake duba layin washegari da safe.

Don Allah kada ka buɗe murfin lagireto inji da zafi, ruwan zai iya tsartuwa ya saɓule maka fuska da hannu. Kulan kuma guba ne mai zaƙi, yana lalata ƙoda, kada a bar shi a buɗe ko a zube inda yara da dabbobi suke. Ka je a yi gwajin matsin nan a makon nan, ka tsaya a wurin ka ga allurar da idonka, sannan ka rubuto mini abin da ya nuna.