Tambayi Likita: Takarda ko waya, wanne zai tuna wa dattijo shan magani?

Saƙonnin da suka zo mini a makon nan kusan duk a kan iyaye ne da mantuwar shan magani. Na zaɓi biyar. Kamar kullum, ban sa sunan kowa ba, garin mai tambaya kawai na bari.

Daga Argungu: Likita, barka da aiki. Mahaifina yana da shekara 74, yana fama da hawan jini. Ni ina aiki a Abuja, sai na saya masa babbar waya na saita masa ƙararrawa don ta riƙa tuna masa magani. Da na dawo hutun Sallah na tarar da wayar a ƙarƙashin matashi, ko caji babu. Ya koma ga kalandarsa ta bango, kullum ya sha magani sai ya soke ranar da biro. Yaya zan yi ya karɓi wayar?

Ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri, ka yi abin da ɗa nagari yake yi. Amma kafin ka sake yi wa Baba maganar waya, je ka tsaya gaban kalandar nan ka ƙirga. Idan a kwana talatin ka ga ya soke ashirin da takwas ko ashirin da tara, to wallahi ka ƙyale shi, ya fi yawancin masu zuwa wurina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2003 cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba, kusan rabin masu ciwon da ake daɗewa ana magani ne kawai suke shan maganin yadda aka rubuta musu. Dattijon da ya ƙirƙiro wa kansa hanya kuma take yi masa aiki, ba shi da matsalar da za a gyara.

Akwai kuma abin da kalandar take yi wanda ƙararrawa ba ta yi. Ƙararrawa tana cewa lokaci ya yi, shi ke nan aikinta ya ƙare. Idan ta buga Baba yana alwala, ko yana gaisawa da baƙo a zaure, zai kashe ta da niyyar in ya gama ya sha. Da hantsi sai tambaya ta taso masa: na sha ko ban sha ba? Wayar ba ta da amsa. Kalanda tana da ita, domin layin biron yana nan ko ba ya nan. A wurin tsofaffi wannan tambayar ita ce ta fi ba ni tsoro, don ita ke sa mutum ya sha sau biyu.

Kada kuma ka ɗauka taurin kai ne ya sa ya ajiye wayar. Daga shekara 40 zuwa sama idon kusan kowa yana fara kasa ganin ƙananan rubutu a kusa, in kuma yanar ido ta shigo sai abin ya ƙaru. Jin sauti mai siriri shi ne yake fara raguwa a kunnen tsoho, kuma yawancin ƙararrawar waya sirara ce. Ga yatsa: fuskar babbar waya tana son fata mai ɗan laima, shi kuwa hannun da ya shekara hamsin yana jan koma a kogi ko yana riƙe fartanya a fadama, ga bushewar hunturu, sai ya shafa sau uku ba ta motsa ba. Dattijo ba zai ce maka ya kasa ba. Zai tura ta ƙarƙashin matashi ne ya ce ba ya so.

Idan kana son wayar ta yi amfani, kai ka zama ƙararrawar. Kira shi bayan sallar asuba, ku gaisa, ka ce "Baba, an soke ta yau?" Wannan ba zai kashe ta ba.

Daga Kamba: Dakta, Innarmu ba ta karatun boko, ajamin ma ba ta iya ba. Magunguna uku take sha, na sukari da na hawan jini. Takarda ba ta yi mata amfani, waya kuma tana jin tsoronta. Mi za mu yi?

Ƙanwata, Inna tana da agogon da bai taɓa tsayawa ba, kiran salla. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta fi riƙe "in na yi kaza zan yi kaza" a kan "ƙarfe kaza zan yi kaza", kuma bambancin yana ƙara fitowa idan shekaru suka ja. Saboda haka ku ɗaura maganin a jikin abin da ba ta fasawa. Wanda ake sha sau ɗaya a rana, irin su amlodipine na hawan jini, a ajiye shi kusa da dardumarta da carbinta, ta sha in ta sallame asuba. Na sau biyu, asuba da magariba sun yi daidai, domin a nan Kebbi tsakaninsu awa goma sha biyu da ɗoriya ne zuwa wajen sha huɗu, gwargwadon lokacin shekara.

Inda ake kuskure shi ne maganin sau uku. Na sha ganin wanda ya sha da azahar, ya sha da la'asar, ya sha da magariba, ya ce ai sau uku aka ce. Duka ukun cikin awa biyar ke nan, sauran awa goma sha tara jiki babu komai. Sau uku yana nufin kusan kowace awa takwas: asuba, azahar, sai lokacin kwanciya wajen ƙarfe goma na dare.

Maganin sukari kuwa kada ku ɗaura shi da salla, ku ɗaura shi da abinci. Metformin ana shan sa tare da abinci ko da an gama ci, don kada ya dami ciki. In ko glibenclamide ne a cikin ukun, ku kula sosai, bai kamata ta sha ba in ba za ta ci abinci ba, kuma ku tambayi likitanta ko akwai wanda ya fi dacewa da shekarunta.

Takarda ma ba sai mai karatu ba. Ku samo kwali, ku zana rana da jinjirin wata, ku manna fankon kowane magani a ƙarƙashin hoton lokacinsa. Ko ku sayi ɗan akwatin nan na roba mai ɗaki bakwai da ake sayarwa a manyan kemis, ke ki riƙa cika shi duk ranar Juma'a. Ɗakin da ya zama fanko an sha, wanda yake cike ba a sha ba. Sai dai ki tambayi mai harhaɗa magani tukuna, don akwai ƙwayoyin da ba a son a ɓare su daga ledarsu sai lokacin sha. A kuma ɗora akwatin inda hannun jikoki ba ya kai.

Daga wani ƙauye a ƙasar Zuru: Likita, a garinmu sabis yana zuwa yana tafiya, wuta kuma babu. Ƙararrawar waya za ta yi aiki haka?

Za ta yi. Ƙararrawa da agogon cikin wayar take aiki, ba ruwanta da sabis ko data. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga haka lokacin da aka katse layukan waya a jihar cikin Satumban 2021: kira ya tsaya, saƙo ya tsaya, amma agogon waya bai tsaya ba. Caji ne abin dubawa. Babbar waya kwana ɗaya take yi, in ta kwana a shagon mai caji to can za ta yi ta kukanta da asuba. Ƙaramar waya mai tocila tana kai kwanaki, ƙararta ta fi ƙarfi, maɓallanta kuma ana jin su a yatsa. Ga dattijon ƙauye ita nake zaɓa.

Daga Jega: Dakta, Kawuna ya manta ko ya sha maganin sukari, sai ya ƙara sha. Bayan awa biyu muka gan shi yana zufa, jikinsa na rawa, yana maganar da ba a ganewa. Mun ba shi lemo ya dawo daidai. In ya sake mantawa mi ya kamata?

Kun yi dabara, kuma Allah ya kiyaye. Abin da ya same shi faɗuwar sukari ce. In mutum yana iya haɗiya, a ba shi ƙwayar sukari uku ko huɗu a ruwa, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, sannan a bi shi da abinci. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa, a kwantar da shi a gefe ɗaya a nufi asibiti. Kuma ko ya farfaɗo a gida ku kai shi a duba, domin wasu magungunan suna daɗewa a jiki, sukarin yakan sake faɗuwa cikin dare.

Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce, in kana shakka ko ka sha, kada ka ƙara. In ka tabbata ka manta kuma lokacin na gaba ya kusa, ka bar wancan ya wuce, kada ka haɗa biyu. Insulin da maganin tsinka jini suna da nasu ƙa'idar, mai shan su ya tambayi likitansa tun kafin ranar mantuwa ta zo.

Bari in ba ka labarin wani Alhaji, tsohon ɗan kasuwar albasa, da aka kawo mini yana jiri, ƙafafu sun kumbura. Na ce ya juye mini ledar maganinsa a kan tebur. Ya ware su da yatsa yana cewa, "Wanga ƙaramin fari na asibiti na, wanga kuma yarona ya sawo min kemis." Na juya bayan kwalayen biyu, duka amlodipine ne, kamfani ne kawai ya bambanta. Wata biyu yana shan ninki, kuma bai taɓa ƙetare lokaci ba ko sau ɗaya, wayarsa tana buga masa daidai. Don haka ku rubuta wa Kawu takarda guda da manyan baƙaƙe: sunan kowane magani na asali, ƙarfinsa, da lokacin sha. Ɗaya a aljihunsa, ɗaya a bango, ku kuma ɗauki hotonta a wayoyinku. Duk zuwa asibiti a tafi da takardar da ledar gaba ɗaya.

Daga Birnin Kebbi: Likita, ni malamin makaranta ne mai ritaya, shekarata 68. Yanzu komai sai na rubuta a ɗan littafi, har ranar biki da bashin da nake bi. 'Ya'yana suna cewa alamar ciwon mantuwa ce, wani aboki kuma ya ce rubutun ne yake ƙara kashe mini ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne?

Malam, ranka ya daɗe, ku ci gaba da rubutunku. Rubutu ba ya raunana ƙwaƙwalwa, mu kanmu likitoci shi muke koya wa masu mantuwa. Mutumin da ya lura yana mantuwa, ya sayi littafi, yake tuna ya buɗe shi, har ya zauna ya tsara mini wasiƙa irin wannan, ba shi ne yake tayar mini da hankali ba.

Suna ya ɓace muku ya dawo bayan an jima, ko ku nemi tabarau alhali yana goshinku, wannan tafiyar shekaru ce. Ciwon mantuwa, wanda mafi yawansa shi ne irin da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906, kamanninsa daban ne. Mutum zai yi tambaya ɗaya sau biyar a zama guda, ya ɓace a hanyar masallacin da ya shekara talatin yana bi, lissafin kuɗin cefane ya gagare shi, kuma sau da yawa iyali ne suke damuwa, shi bai ga komai ba. Idan 'ya'yanku irin wannan suke gani, ku zo tare da ɗayansu.

Ko da mantuwar ta yi yawa, akwai dalilan da ake gyarawa, kuma su nake fara nema: ƙarancin sinadarin B12, wanda yakan sami waɗanda suka yi shekaru suna shan metformin, raunin aikin ƙullun maƙogwaro da ake kira thyroid, damuwa, rashin barci, da raunin ji. Sai magungunan da mutane suke saye da kansu don barci ko mura, irin su diazepam da Piriton, waɗanda suke dusashe tunanin tsoho. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin awanni ko kwana biyu kuwa, musamman da zazzaɓi, karkacewar baki ko mutuwar hannu, ba a jiran wayewar gari da ita.

In za ku zo, ku taho da littafin nan. Zan so in kwatanta rubutunku na bara da na bana.