Amsa ga ɗan tarminal (ajin ƙarshe na sakandare) na Garwa kan butar shayin Russell

Ƙanena, ka ce tun da malamin falsafa ya kawo muku butar Russell, masanin falsafar nan na Birtaniya, a aji ka daina jin daɗin sallah, kana tambaya ko imaninka ya tafi. Wallahi na san wannan ciwo. Da asuba ya fi tsanani: kana cikin sahu, baki na karanta Fatiha, zuciya na cewa "ina hujja?", ka sallame kana ganin kanka munafuki. Ka kuskura ka faɗa wa wani babba a gida, sai tsawa, wai boko ya kafirta ka, a kai ƙara wurin Baba, har a fara zancen cire ka daga lise, wato sakandare. Yaro ya zo da gyambo a barbaɗa masa barkono! Irin waɗannan sun fi Russell korar yara daga masallaci.

Ka fahimci abin da mutumin ya faɗa tukuna. A 1952 ya rubuta cewa da zai ce akwai butar tangaran tana zagaya rana tsakanin duniya da Mars, ƙarama har madubin hangen nesa ba ya kama ta, babu mai iya ƙaryata shi, amma wannan bai wajabta a yarda ba. Wato hujja tana kan mai da'awa, yadda muka haddace a Arba'una Hadisi. Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne su ɗauka ya tabbatar babu Allah. Bai yi ba. Buta ba ta bayanin asalin komai, kuma da Copleston, wani limamin Katolika masanin falsafa, ya matsa masa kan wannan a muhawarar BBC ta 1948, cewa ya yi duniya tana nan kawai.

Gazali ya yi kusan wata biyu cikin shakka, har idonsa ya daina amince wa, don inuwa kamar a tsaye take alhali tafiya take yi. Nemi littafinsa Munƙiz minad Dalal. Sahabbai ma sun kai irin wannan kuka, Annabi (SAW) ya ce tsantsar imani ke nan; yana cikin Muslim.

Kada dai ka ce wa malaminka imani na sanyaya maka rai don haka gaskiya ne. Zai rusa maganar nan take, kuma yana da gaskiya.

Ka daina karanta irin waɗannan muhawarori bayan isha'i, kai da ba ka barci. Rubuta tambaya ɗaya tak a takarda, ka kai wa malamin tauhidi mai haƙuri, wanda ba ya ɗaga murya. A Bak kuwa, wato jarrabawar kammala sakandare, ka fara kawo hujjar Russell daidai yadda take, sannan ka nuna iyakarta.