Tambayi Likita: Kumburin muƙamuƙin da ba ya ciwo

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Maigidana ɗan shekara 34 ne. Kusan shekara biyu ke nan gefen muƙamuƙinsa na ƙasa yana kumbura. Ba ya masa ciwo, sai dai turamensa biyu sun fara girgiɗa. Wanzami ya yi masa sakiya, ba abin da ya fito. Yanzu a asibiti an ce ƙari ne mai suna amiloblastoma, wai sai an yanke ƙashi. Ko daji ne ake ɓoye mana? Daga wata baiwar Allah a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah Ya ba maigida lafiya. Ki kwantar da hankalinki, amiloblastoma ba daji ba ne, kuma da wuya ƙwarai ya yaɗu zuwa wani sashe na jiki. Yana tsirowa ne daga ragowar ƙwayoyin halittar da suka gina haƙori tun ana yaro, kuma kusan kashi 80 cikin 100 a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa, galibi can wajen turame. Matsalarsa ita ce cin ƙashi yake yi daga ciki a hankali, ba ciwo, shi ya sa mutanenmu ba sa zuwa sai fuska ta karkace.

Kafin a taɓa shi, ki tabbatar an yi abu uku: hoton muƙamuƙi gaba ɗaya, inda yakan fito kamar kumfar sabulu, da hoton CT, wato hoton na'ura mai nuna cikin ƙashi dalla-dalla, sannan a gutsuri naman a kai ɗakin gwaji. Gwajin nan na ƙarshe shi ke tabbatar da sunan.

Maganar yanke ƙashi kuwa gaskiya aka faɗa muku. In aka kankare shi kawai, sau da yawa yakan dawo, don haka ake cire shi tare da kamar santimita 1 zuwa 1.5 na lafiyayyen ƙashin da ke kewaye. Sai a cike gurbin da ƙarfen titaniyam da ƙashin da aka ɗebo daga ƙugu ko gefen ƙwauri. Leɓensa na ƙasa zai iya daina jin taɓi, gara ku sani tun yanzu. Ana irin wannan tiyatar a asibitin koyarwa na Shika da na Malam Aminu Kano.

Don Allah a daina sakiyar nan, ƙwayoyin cuta kawai take shigarwa. Bayan tiyata kuma ya riƙa komawa ana ɗaukar hoto, domin ƙarin kan iya dawowa ko bayan shekara 10.