Shagon da ke ƙasan ofis ya rubuta "Mediterranean": shi ne abincin da likita ke nufi?

Tambaya: Likita, ina aiki a wani dogon bene a Landan, a hawan ƙasa akwai wurin cin abinci mai shaguna a jere. Tun da aka gano ina da hawan jini, aka ce in koma cin abinci irin na mutanen Bahar Rum, kullum da rana nake sayen shawarma da falafel a wani shago da ya rubuta "Mediterranean", wato na Bahar Rum, a allonsa. Wata huɗu ke nan, tumbi sai ƙaruwa yake yi. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Kuskuren ba daga shagon yake ba, daga abin da kake nunawa a zuba maka ne.

Abincin da likitoci ke yabo ba na gidan sayar da abinci ba ne. Cimar talakawan tsibirin Kirit na Girka da kudancin Italiya ce, wadda wani masani ɗan Amurka, Ancel Keys, ya bibiya a binciken ƙasashe bakwai da ya fara a 1958. Mutanen nan ganye suke ci, da wake, da hatsi, da kifi, da man zaitun. Nama sai jifa-jifa, kamar yadda a ƙauyukanmu sai ranar kasuwa ko da Sallah. Daga baya an gwada tsarin a Sifaniya a kan mutum 7,447 masu haɗarin ciwon zuciya, a binciken PREDIMED, aka ga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. An janye rahoton binciken da aka fara fitarwa a 2013 saboda kurakuran tsari, aka sake fitar da shi a 2018, sakamakon bai sauya sosai ba.

To yanzu dubi abin da ke hannunka. Shawarma nama ce mai kitse da aka jiƙa da gishiri, aka naɗe a farar gurasa, aka malala mata farin miyar tafarnuwa wadda kusan duk mai ce. Falafel kuwa ƙanin ƙosai ne: niƙaƙƙen wake ne, amma a tafasasshen mai aka tsoma shi. In ka haɗa da soyayyen dankali da lemun kwalba, ai ba abin da ya rage na Kirit sai suna. Wanda ya san shawarmar Kano, wadda muka koya daga Kwarori muka ƙara mata mayonis da tsiran Turawa, ya san inda zancen ya dosa.

Abin kirkin yana nan a cikin gilashin, a gefen da mutane ke wucewa. Ka ce kwano kake so, ba naɗi ba. Rabinsa a cika da salak: tumatir, kokwamba, albasa, gasasshen yalo, ko tabbule, wato yankakken ganye da ɓarzajjiyar alkama. Sai hummus cokali biyu ko uku, wanda wake ne mai kama da gujiya aka markaɗa da riɗi da lemun tsami da tafarnuwa. Sai gasasshen kifi ko kaza. In akwai miyar adas, wato wasu ƙananan wake masu faɗi, ni ita nake fifitawa a kan komai, domin tana riƙe ciki har la'asar, ba ta kuma sa gyangyaɗi a gaban kwamfuta. Gurasa ɗaya ta isa, shinkafa kuma ludayi guda.

Mai hawan jini sai ya fi kula da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan. 'Ya'yan zaitun, da farin cukun feta, da kokwambar da aka tsima, duk a ruwan gishiri suka kwana. Zaɓi ɗaya a cikinsu, kada ka tara su duka. Miyar da ake malalawa a kai kuma ka ce a sa maka a gefe, ka ɗiba da hannunka. Man zaitun ma, duk da amfaninsa, babban cokali ɗaya na da kalori kusan 120, don haka ba a kwarara shi kamar ruwa.

Shawarma ba ta haramta gare ka ba, ka mayar da ita ta ranar Juma'a. Sai dai ka tambayi naman kafin ka saya. Shagunan Turkawa da 'yan Lebanon galibi halal suke sayarwa, amma in na Girkawa ne, naman da ke juyawa a jikin ƙarfen nan, wanda suke kira giros, sau da yawa na alade ne.